Ranar da Mma Ta Ce In Tafi

Shekarun baya, zamanin jam'iyya ɗaya, na dawo Zongon Lome daga Faransa da digirin dakta a ilimin magunguna. Mahaifiyata ta yi walima, ta zaga da ni gida-gida kamar sabon ango. Ni kuwa sai hura hanci nake, har gaisuwa nake yi da Faransanci.

Ba a jima ba malamina na can ya samo mini gurbin bincike na shekara biyu, a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwajen da ake jarraba magungunan ciwon daji. Da na faɗa mata, ta ajiye atamfar da take ninkewa ta ce, "Wane karatu kuma bayan an ci walima? Ga asibitin Tokoin nan, ba su ɗaukar mutane ne?"

Ta daina yi mini magana. Izinin fita ƙasar waje ma a lokacin sai da kamun ƙafa, don haka na fara saduda.

Wata safiya ina karyawa ta zauna kusa da ni. "Wannan labo ɗin naku, har ciwon nono kuke nema wa magani?"

Na ce, "Har shi, Mma, amma a jikin ɓeraye muke gwadawa."

"In shekara biyun ta cika za ku samu?"

Ni da son a ce na sani, na ce, "In sha Allahu."

Washegari da kanta ta je wurin wani ɗan jam'iyya da matarsa ke sayen atamfa a hannunta, izini ya fito. Ta ƙulla mini gari da yaji. Na rasa gane kanta. Na tambaye ta me ya sauya, ta ce, "Ka cika tambaya. Tafi."

Ina can cikin ɓerayena ta rasu. Da na dawo, ƙanwarta ta ce mini tun kafin walimar Mma ta ji ƙullutu a nononta, ta hana a gaya mini.

Na ce, "Inna, maganin take jira in kawo, ko so take kada in ga jinyarta?"

Ta ce, "Ni ma na tambaye ta. Cewa ta yi na cika tambaya."

Na tsufa a wannan aiki, ɗalibai suna kawo mini tambayoyi ina amsawa. Wannan ɗayar har yau tana ci mini rai, kuma mai amsar ta tafi da ita.