Malamin Saliyo da Yankan Shinkafar Kalgo

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa a 'yar makarantar boko da aka buɗe a Gwandu aka kawo mana baƙon malami daga Saliyo. Lokacin an gama yaƙin Turawa da Jamus da 'yan shekaru. Makarantar ba wata babba ba ce, ɗaki biyu ne na ƙasa da rumfar zana a gaba. Kafin ya zo mu biyu ne: babban malaminmu, dattijo ne da ya daɗe yana yi wa alƙali rubutu, sai ni da nake koyar da Alƙur'ani da fiƙihu. Lissafi da rubutun boko kuwa muna ta lallaɓawa ne kawai, don haka Baturen da ke duba makarantun lardin ya ce zai aiko da wanda ya sani.

Ya iso da hantsi bisa doki, da kwat da wando da lema, akwatinsa na ƙarfe a bayan jaki. Duk muka ɗauka Kirista ne. Da azahar ta yi sai ga shi ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga yana alwala. Ashe Musulmi ne ɗan Musulmi, daga wata unguwa ta bakin teku. Wannan ya kwantar wa iyayen yara da hankali, amma bai hana mu samun saɓani da shi ba.

Hausarsa a barikin Lakwaja ya koye ta, a bakin sojoji da masu dako. Duk maganarsa umarni ce: zo, tafi, kawo, zauna. Ba da nufin raini yake yi ba, iyakar abin da ya samu ke nan. Mu kuma tamu ta Kabi ba ta shiga kunnensa. In yaro ya ce masa "awo", wato "e", sai ya juyo ya tambaye ni ko zaginsa aka yi. Gaisuwa ma ba ta zauna masa ba. Ka fara tambayarsa kwana da gajiya da baƙunta, kafin ka kai ta uku ya riga ya ce "lafiya" ya wuce, yana duba agogon aljihunsa.

Abin da ya fi damunsa shi ne yara ba su kallonsa. In ya yi wa yaro tambaya sai yaron ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Shi a ƙasarsu, ɗalibi tsaye yake miƙewa ya dubi malami ido cikin ido, wanda ya kau da kai kuwa ƙarya yake shirin yi. Na sha jin muryarsa ta bayan bango yana cewa, "Tashi. Dube ni." Yaron kuma sai ya ƙara nutsewa ƙasa. Na gaya masa ladabi ne, ya ce ladabin da ba a ganin fuska a cikinsa bai san shi ba. Wata rana kuma mahaifin wani yaro ya aiko masa da zabi biyu, ya mayar da su, wai ba ya karɓar abu daga iyayen ɗalibai. Sai da babban malam ya taka da kansa ya ba mutumin haƙuri.

Amma in ana maganar aiki, ban taɓa ganin kamarsa ba. Cikin wata uku yaran da ba su iya tara bakwai da takwas ba sai da tsakuwa suka fara yin rabawa a allo. Ni kaina in na sallami nawa ajin nakan tsaya bakin taga ina saurare.

Babban saɓanin ya zo ne da kaka. A cikin ɗalibanmu akwai takwas da aka kawo daga Kalgo da Diggi, 'ya'yan manoman fadama, suna zaune a gidajen 'yan uwa a gari. Da shinkafa ta nuna, sai iyayensu suka aiko da manzo a sako musu yaran su taya yanka. A ranar malamin Saliyo yana kwance da zazzaɓi. Na je na gaya wa babban malam, ya ce haka aka yi bara, a sallame su. Na sallame su.

Bayan kwana uku malamin Saliyo ya miƙe, ya buɗe rajista yana kiran suna, ya tarar da benci guda babu kowa. Ya tambayi yara, suka ce ni na sallame su. Bai zo wurina ba, bai ce mini komai ba. Mun yi salla sahu ɗaya ranar, mun gaisa. Sai bayan mako biyu ɗan aike ya kawo wa babban malam takarda daga Bature, yana tambaya don me malamin addini ya rufe wa yara takwas karatu ba da izini ba. Ashe malamin Saliyo ne ya rubuta wasiƙa, ya kai ƙarata.

Ban taɓa jin zafin abu a wurin aiki kamar wannan ba. Ba tsoron Bature ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da nake gani kullum, wanda matata take aika wa da kunu lokacin da yake kwance, ya tsallake ni, ya tsallake dattijon da ke kanmu, ya kai maganata wurin baƙo a rubuce. Na daina tsayawa bakin tagarsa. In ya ce "sannu", in ce "yauwa" in wuce. Shi kuma, kamar yadda na gane daga baya, bai ma san ya yi laifi ba.

Babban malam ya bari sai da muka kwana biyar a haka, sannan ya kira mu zaurensa bayan la'asar. Ya shimfiɗa mana tabarma guda, dole muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ya dubi baƙon ya ce, "Malam, mi ya hana ka zo gare ni?"

Ya ce, "Doka ta ce in yaro ya yi fashi a rubuta. Na rubuta. A inda na yi aiki a da, in ban rubuta ba ni za a kama da laifi."

"Ka san ni na ce a sallame su?"

Ya ce bai sani ba.

"To da ka tambaya da ka sani. Nan in ɗan uwanka ya yi abin da ba ka so, sai ka same shi. In ba ka iyawa, ka sami wanda ya girme ku. Takarda ita ce ta ƙarshe, bayan baki ya gaza."

Baƙon ya juyo wurina ya ce, "Ni a ganina rubutu shi ne adalci. Na faɗi abin da ya faru, ban ƙara ba. Zuwa in yi gunaguni a kanka wurin wani, shi ne cin amana."

Na ce, "Ai ba gunaguni aka ce ka yi ba. Da ka zo mini."

Ya ce, "Na zo maka sau nawa a kan maganar yara, kana cewa 'to, to', ba ka canja komai?"

Wannan gaskiya ce. Ni "to" ɗin da nake ce masa na kawar da gardama ne, shi kuwa yana ɗauka alkawari na yi na karya. Babban malam ya yi 'yar dariya, ya ce ashe kowa na da nasa. Ya ce shi zai amsa wa Bature da hannunsa. Mu kuma mu shirya gobe mu tafi Kalgo tare, mu gano yaran, mu ji daga bakin iyayensu yaushe za su dawo.

Tafiyar kwana biyu ce. Ranar farko ba mu yi wata hira ba. Mun ratsa gonakin da aka riga aka girbe gero, mun wuce rugagen Fulani, wata mata ta ba mu nono a ƙwarya, ya sha kaɗan ya miƙo mini. Sai rana ta biyu da hantsi, da muka gangaro muka hango fadama, ya ja linzami ya tsaya. Shinkafa ce shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ta yi ja, ga mutane jere a ciki sun duƙa, ga tsuntsaye na tashi gungu gungu in an yi musu ihu.

Ya ce, "Wannan duk shinkafa ce?"

Na ce ita ce.

Ya sauka daga doki, ya tuɓe takalmi da safa, ya naɗe wando har gwiwa, ya shiga cikin laka. Ya kama zangarniya guda ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa ƙwayar a baki. Ya daɗe tsaye a wurin. Da ya fito sai ya gaya mini mahaifiyarsa manomiyar shinkafa ce, a wani ƙauye hayin ruwa daga garinsu. A can ya tashi kafin a kai shi makaranta. Ya ce shekara shida rabonsa da ganin shinkafa a tsaye. Ya ce irin wannan ja ɗin ita suke nomawa.

Muka sami iyayen yaran a bakin masussuka. Ɗalibanmu na ciki, wasu na ɗaukar dami, wasu na kora tsuntsu. Da suka gan shi suka daskare. Wani dattijo, kakan biyu daga cikinsu, ya taso ya tarbe mu. Na yi zaton baƙon zai fara da maganar rajista. Sai ya tambayi tsohon kwana nawa ya rage kafin ta fara zuba. Tsohon ya dube shi da mamaki ya ce in aka wuce kwana goma, rabi na tsuntsu ne da ƙasa. Malamin ya gyaɗa kai ya ce haka take, ba ta jira.

Ya roƙi a ba shi lauje. Ya ce su a can da 'yar wuƙa suke tsinke ta, zangarniya ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa riƙe lauje ba. Aka ba shi. Yankan farko ya kusa sare yatsansa. Ɗaya daga cikin ɗaliban, wanda ya fi kowa shan faɗa a ajin lissafi, ya matso ya kama hannunsa ya gyara masa riƙo, yana cewa, "Ba haka ba, Malam, haka." Ya yi ta yi har la'asar, bayansa ya jiƙe sharkaf. Ni ma ban ga ta zama ba, na ɗaure riga na shiga.

Da yamma aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, da kifi gasasshe. Ya dubi tuwon ya tambayi mene ne. Da aka ce shinkafa ce, sai ya riƙe baki. Ya ce in mahaifiyarsa ta ga an tuƙe shinkafa haka har ta zama curi, sai ta yi kuka. Mutane suka yi ta dariya. Ya ba su labarin yadda ake dafa ta warwara a ƙasarsu, da miyar ganyen rogo da manja. Tsohon nan ya ce ganyen rogo ai na awaki ne. Aka sake fashewa da dariya, har shi. Ya cinye malmala biyu.

Kwana uku muka yi a Kalgo. Kafin mu taso aka yi magana a gaban mai gari: yaran za su dawo da zarar an kai shinkafa rumbu, malamin kuma ya ɗauki alkawarin zai riƙa zama da su bayan an tashi aji, har su cim ma 'yan uwansu. A hanyar komawa ya ce mini zai sake rubuta wa Bature. Na dube shi. Ya ce, "A wannan karon tare za mu rubuta. Zan karanta maka kafin in rufe." Abin da ya nema a ciki shi ne a daidaita hutun makaranta da yankan shinkafa, maimakon a bi lissafin hutun Turawa. Amsar ta daɗe ba ta zo ba, amma da ta zo an yarda.

Ba zan ce daga nan mun daina saɓawa ba. Shi har ya bar Gwandu bai yarda a tashi aji don an yi baƙo ba, ni kuma ban taɓa yarda a bar baƙo a tsaye a waje ba. Mun yi gardama a kan bulala, mun yi a kan ko ya kamata yara su yi wasan guje guje a gaban manya. Sai dai yanzu a rumfa muke yin ta, mu biyu, wani lokaci har babban malam ya leƙo ya ce mu rage murya. Na koyi ce masa "a'a" in ban yarda ba, abin da da farko ya yi mini nauyi a baki kamar zagi. Shi kuma ya koyi tsayawa a gama gaisuwa, ko da yake kana iya ganin ƙafarsa tana motsi.

A shekararsa ta biyu muka yi musaya. Ranar Alhamis da safe, da yake babu karatun allo, yakan zo zaurena in koya masa ajami, shi kuma ya koya mini lissafin rabawa mai tsawo da auna fili. Ya fi ni saurin ɗauka. Hannunsa dai bai taɓa sabawa da alƙalamin kara ba, kullum yatsunsa baƙi ƙirin da tawada.

Shekara huɗu ya yi tare da mu, sannan aka mayar da shi wani lardi, daga can ya koma gida. Ni na gaji ajin lissafin, na riƙe shi shekaru masu yawa. Wasiƙarsa ɗaya ce ta iso ni daga Saliyo, ta hannun wani falke mai sayen goro, bayan ta yi wata biyar a hanya. Da ajami ya rubuta ta, layukan sun karkace. Rabin shafin farko duk gaisuwa ce: ni, da iyalina, da babban malam wanda a lokacin ya riga ya rasu, da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya yi aure, yana koyarwa kusa da ƙauyen mahaifiyarsa. Na tara tsofaffin ɗalibansa da ke gari na karanta musu, kowa ya faɗi abin da za a gaya masa, na zauna na rubuta amsa da boko, shafi uku.