Goggo da idon jariri

Jiya jikata ta haihu. Ina karɓar jaririn na nufi bakin ƙofa da shi, sai a nan na tuna wurin wadda na koyi hakan.

Goggo, yayar mahaifina, ba ta yarda da duhun ɗakin jego ba. Duk jaririn da aka miƙa mata sai ta fito da shi hasken hantsi, ta buɗe idonsa, ta danna karan hancinsa da yatsa ta ga launin da zai bayyana.

A shekarun 1970, lokacin da gyaɗa ta ƙi, na haifi ɗan farina a gidanmu kusa da Dungas. Kunyar ɗan fari ta hana ni kallonsa a gaban manya. Nono ma ina kau da kai nake ba shi, mata suna yaba alkunyata, ina jin daɗi.

Ana gobe suna Goggo ta iso daga Mallawa, zanenta na ƙamshin hayaƙi. Ta fito da jaririn haske ta duba shi. Idonsa rawaya, har tafin ƙafarsa.

"Ke 'yar nan, tun yaushe ya rage tsotso?"

Ban sani ba.

"Ciwon shawara ne. Kunya ta hana ki duba ɗanki?"

Ita ta goya shi har wurin likita a Magarya. Ya rayu, amma ciwon ya tafi da jinsa. Har yau ban taɓa kiran sunansa ba, ko na kira ma ba zai ji ba.

Allah ya haskaka kabarinki, Goggo, kamar hantsin nan.