Ba Ƙwaya Nake Sha Ba

Shekara goma sha tara ina jan mota tsakanin Gumel da Maigatari, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Wata Alhamis, ranar kasuwa, na ciko mota da fasinja. Mun kusa shiga gari da hantsi sai gumi ya keto mini, hannuna ya hau rawa a kan sitiyari, titi ya koma biyu a idona. Allah ya taimake ni na gangara gefe na kashe mota. Sauran sai labari aka ba ni: wai na fito ina tangaɗi ina surutai, har na zagi wani dattijo da ya riƙe ni.

Kafin in koma tasha magana ta riga ni. Shugaban direbobinmu ya tsayar da ni gaban jama'a.

"Da furfurarka kake shan ƙwaya?" in ji shi.

"Shugaba, ko goro ba na ci, ka sani."

"To me ya bugar da kai? Kawo makulli."

Na ce, "Zan ajiye tuƙi, don ba zan ɗauki rayukan mutane a wannan hali ba. Amma maganarka ƙazafi ce, ban karɓa ba." Na miƙa wa ƙanena, wanda shi ma direba ne, makullin, na wuce gida.

Matata ce ta fara gano kan abin. Ta lura ba ya zuwa sai cikina ba komai, musamman da safe, kuma da ta ɗura mini kunu mai sukari sai in dawo hayyacina kamar ba ni ba. Na koma ci kamar gara. Dabino a aljihu, ƙosai da hantsi, fura kafin azahar. Na yi ƙiba har riguna suka matse ni. Masu cewa ƙwaya suka koma cewa iska ce. Aka yi mini addu'o'i, na amsa da amin, amma na san akwai abin da ke cikin jikina da ba a gani ba.

Sau uku ina zuwa asibiti. Kafin in isa na riga na ci abinci, sai a auna a ce lafiyata ƙalau. Wani ya ce zazzaɓi ne, wani ya rubuta mini maganin farfaɗiya. Na huɗun na ce wa matata kada ta ba ni komai.

"Malam, kashe kanka za ka yi?"

"In zan faɗi, gara in faɗi a gabansu. Ɗauko sukarinki ki riƙe, amma kada ki ba ni sai sun ɗebi jini."

Muka zauna a benci tun safe. Da layi ya zo kaina na ce wa likitan, wani matashi da aka kawo ba da daɗewa ba, ba yanzu za a auna ni ba, jira nake. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Wajen sha ɗaya abin ya zo. Da na farfaɗo sai na ga an sa mini ƙarin ruwa a hannu, likita tsaye a kaina. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce na yi ganganci, sukarin jinina ya sauka inda mutum kan mutu. Daga nan ya zauna ya rubuta mini takardar zuwa Kano.

A can aka kwantar da ni, aka hana ni abinci su da kansu, suna ɗibar jini a kai a kai. Ban kai kwana biyu ba na zube. Bayan hotuna iri-iri, wata likita ta zana mini a takarda. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai fitar da insulin, abin da ke rage sukari a jini. A jikinta wani ƙari ya fito mini, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana ta zubo insulin ko na ci ko ban ci ba. Ta ce ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ko dai in ci gaba da magani da yawan ci, ko a yi aiki a cire shi.

Yayana ya taso daga Gagarawa don ya hana a yi mini aikin. "Ciki ba abin wasa ba ne," in ji shi. "Ka haƙura da tuƙi, ka dawo gona, ci dai ba zai gagare ka ba."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan ƙare rayuwata ina gadin cikina ba." Na sa hannu a takardar amincewa da aikin yana kallo.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Na yi makonni da roba a gefen ciki tana tsiyayar ruwa, wurin ɗinkin ya yi ta ba ni wahala, sukarin ma ya haura na 'yan kwanaki kafin ya daidaita. Sakamako ya fito cewa ƙarin ba mai yaɗuwa ba ne. Har yanzu ina komawa a duba ni.

Sai da likita ta amince na koma kan sitiyari, yanzu layin Sule Tankarkar nake yi. A makon farko, da damina, na kai mutane Ɗanzomo, taya ta fashe a hanyar dawowa. Na kwanta a laka na canza ta ni kaɗai. Sai da aka kira azahar na tuna ban karya ba. Na zauna a bakin hanya ina sauraron jikina. Yunwa ce kawai, irin ta kowa.