Ɗigon Jan Farce a Ƙarƙashin Motata

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Nivaldo Cintra, makanikenmu na garin Baracoa. Ya sha kofi, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna kan tsohuwar kujerar mota da ke bakin garejinsa, bai sake tashi ba. Ina tasha ina jiran fasinja labarin ya same ni. Sunana Yoandri, direba ne ni, ina ɗaukar mutane daga Baracoa zuwa Guantánamo ta kan dutsen La Farola. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Baba, kafin hawaye ya zo mini, tsoro ne ya fara zuwa. Na juya na dubi motata. Kai ka san dalili. Bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba.

Motar Plymouth ce ta 1953. Kakana ya saye ta tun kafin a daina shigo mana da motocin Amurka da kayan gyaransu. Lokacin da mahaifina ya rasu, tana yashe a gindin mangwaro, kaji na ƙwai a kujerar baya. Kowa ya ce in sayar da ƙarfen in huta. Kai ka zo ka zagaya ta, hannu a baya, ka ƙwanƙwasa nan, ka kara kunne can, sannan ka ce, "Ba ta mutu ba. Fushi take yi."

Daga nan ka shiga nema. Injin dizal ka samo mata daga kwalekwalen wani masunci. Ƙofar baya ta hagu ba ta nan, ka ji labarin wani manomi a bayan kogin Yumurí da ya toshe garken aladunsa da ƙofar Plymouth. Ka hau alfadari ka je, ka sassaƙa masa ƙofar katako da hannunka, ka dawo da tamu a ɗaure tana wari. Tambarin gaban motar da ludayin Mama Gudelia, matarka, ka ƙera shi, har yau tana yi maka ƙorafin ludayin. Ranar da motar ta tashi ka ce, "Yoandri, kai da ita halinku ɗaya. Ba sauri, ba gajiya. Za ku daɗe tare."

Akwai abin da kowane direba a garin nan ya sani game da aikinka. In ka gyara mota, wani lokaci mutum yakan leƙa ƙasa ya ga ɗan jan ɗigo a kan noti ko ƙusa. Mu da muke ɗaura jan ƙyalle a madubi saboda bakin mutane, me za mu ɗauka? Mun ɗauka tsari ne kake yi mana. Ba wanda ya tambaye ka, don ba a tambayar dattijo irin wannan. Osmel Matos, mai baƙar Buick, har alfahari yake yi a tasha. "Ku ƙyale ni da tarkacenku," in ji shi. "Tsoho ya fi ƙaunata. Ƙasan motata kamar ta yi ƙyanda!" Ni dai na lura cewa ɗigon ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana nan, bayan watanni ka aiko a kira mutum, ya kai mota, ɗigon ya ɓace. Na lura, ban gane ba.

Ranar Juma'a kafin rasuwarka na kawo maka motar, tana wani ɗan ƙara in na karya sitiyari hagu. Ka aike ni sayo maka alewar kwakwa. Kafin in dawo ka gama, kana goge hannu.

"Je ka da ita," ka ce. "Amma ranar Laraba ka dawo mini da ita. Kada ka hau dutsen nan bayan Laraba, ko gwamna ne fasinjan."

"Me ya same ta, Baba?"

"In na gaya maka sai ka sa wannan hannun naka mai kama da ayaba ka ɓata mini aiki. Ba ni alewata."

Shi ke nan abin da ka faɗa. Da aka ce ka rasu, na san akwai abu a jikin motata da ke da wa'adi, kuma mutum ɗaya da ya san ko mene ne ya tafi.

Larabar da ka ce in dawo, ita ce ranar da muka binne ka. Duk motocin da ka raya sun bi bayanka zuwa makabarta, a hankali, ba mai oda. Bayan an gama, Osmel ya matsa kusa da Mama Gudelia a bakin ƙofa don ya ba ta haƙuri.

"Mama, albarkarsa na tare da mu. Jan ɗigon nan da yake sa mana, ni nawa ba sa ƙirguwa."

Ta ɗago ta dube shi. "Wace albarka, ɗana? Jan farcena ne yake sata. Duk abin da ya sa na wucin gadi, don bai sami na ainihi ba, shi yake ɗiga wa, kada ya manta. In ya samo mai kyau sai ya kira mutum ya canza, ya kankare. Ashe bai taɓa gaya muku ba?"

Kowa ya juya ya dubi motarsa. Osmel ya ruga wurin tasa. Sai ga manyan mutane, da fararen rigunansu na zuwa coci, kwance a ƙura a ƙofar makabarta, kowa ƙarƙashin motarsa, ƙafafu kaɗai a waje. Daga ƙarƙashin Buick muka ji muryar Osmel tana rawa: "Wayyo, Tsoho, ka kashe ni! Har a birki!" Wani ya amsa masa daga ƙarƙashin tasa, "Ai ya fi ƙaunarka." An ɗan yi dariya, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro.

Nawa guda ɗaya ne, sabo, yana sheƙi. Yana kan ƙusar da ke riƙe sandar sitiyari da tayar hagu. Na gane ƙusar. Irin ta gadon ƙarfe ce, mai laushi.

Baba, ka san La Farola. Ka san kwanonin da ake karyawa dutse na dama, rami na hagu, hazo ya rufe ƙasansa. Ranar Litinin, ana gobe za ka rasu, na sauko ta nan da mota cike. Wata mata na gaba kusa da ni, jaririnta na barci a cinyarta, tana ba shi iska da hannu. Duk kwanar da na karya, rayukanmu na rataye ne a kan ƙusar gado. Na san ka auna, ka san za ta kai Laraba, kuma ta kai. Amma tun ranar da na ga ɗigon, ko cokali na ɗauka sai in ji sitiyari ya saki a hannuna.

Da yammar Larabar Mama Gudelia ta buɗe mini garejin. A bakin injin gurza ƙarfe na tarar da ƙusata ta gaskiya a maƙale, ka yanko ta daga aksil, wato sandar tayoyi, na wata babbar motar Rasha, ka gurje rabi. Mama ta ce an ɗauke wuta da safen da ka rasu kana cikin aikin. Jiran wutar kake yi da ka zauna a kujerar.

Na ajiye motar. Fasinjojina suka koma wa wasu, a tasha ana cewa Yoandri ya zama ɗan gadin mangwaro kamar kajin ubansa. Ban iya injinka ba, ban kuma taɓa shi ba. Magagarinka na ɗauka, na zauna a bencinka, ina goge ƙusar ina gwadawa a ramin sandar sitiyarin, ina gogawa ina gwadawa, kamar yadda na sha ganin kana yi in babu wuta. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe kafin ta shiga. Jiya ta shiga, ba ta rawa. Na hau da motar ba kowa a ciki har kwanonin farko na dutsen, na karya hagu, ban ji ƙara ba.

Amma ni ba kai ba ne. Kai kunne kake karawa ka ce ta yi ko ba ta yi ba, mu kuma mu tafi da zuciya ɗaya. Shekara da shekaru kai kake ɗauke mana wannan tsoron kai kaɗai, kana tuna notin kowa, mu muna barci. Yanzu ka sauke, an raba mana, kowa da nasa, kuma yana da nauyi.

Na koma wurin Mama Gudelia na roƙe ta kwalbar jan farcen. Ta ba ni. Na shiga ƙarƙashin motar na ɗiga wa aikina ja. Osmel, da ya ajiye tasa shi ma, yana tsaye yana kallo.

"To yanzu wa zai kankare maka?" ya ce.

Na rufe kwalbar, na fito. Gobe zan ɗauki fasinja. Zan tsaya a saman dutsen kafin gangara, in kwanta in dubi ɗigon, duk mai sauri ya yi ta zagi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Gudelia, da 'yarka Dayamí, da jikokinka, da direbobin Baracoa da ka bari marayu. Allah ya ba su juriyar wannan rashi, ya sauko da mu da waɗanda muke ɗauka lafiya daga kan dutse. Kai kuma, Baba Nivaldo, Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutun da ba ka taɓa ba kanka ba. In akwai wani ɗigo da ka tafi da shi, ya kankare maka, kamar yadda ka yi ta kankare namu. Amin.