Tagulla a Bakin Tankin Kifi

A layin da yake da shago ba wanda ya san shi da wani suna sai Awo. Tef ɗin awo na rataye a ƙugunsa tun yana saurayi, har uwar 'ya'yansa takan ce da hali ne da sai ya auna shayi kafin ya kurɓa. Gilas yake yanka, ya haɗa tagogi da firam, sana'ar da ya gada wajen mahaifinsa. In ya haɗa kusurwa, sai ya bi mahaɗar da farcen babban yatsa. In farcen ya tsaya, aiki bai yi ba, a kwance a sake. Ba ya ha'inci, ba ya zagi, ba ya saɓa alkawari. Ciwonsa ɗaya ne a duniya, wato ƙanensa.

Abin tun suna yara ne. Ƙanen ya kamo 'yan kifaye a kwalba, Awo ya tsinci ɓaraguzan gilas a shagon mahaifinsu ya haɗa masa ɗan akwati, ya yanke yatsa wajen yi. Mahaifiyarsu ta kira maƙwabta su zo su ga kifin auta. Aka yi ta kallo, aka yi ta shafa kan auta, ba wanda ya tambayi wa ya yi akwatin. Awo yana tsaye a gefe da tsumma a yatsa. Har ya yi furfura bai bar tsayuwar nan ba.

Auta ya girma ya zama Mai Kifi. Shi ke kula da tankunan kifin ado a otal-otal da manyan ofisoshi, ga fara'a, ga baki, ga 'yar mota mai zanen kifi a jiki. Inda duk ya shiga yara su yanyame shi. Awo kuwa yakan ce, “Wai zuba wa kifi abinci ma sana'a ce.” Amma a cikin shago yake faɗa, in ba kowa.

Duk wannan da sauƙi, da ba don Bahaguwa ba. Ita ce 'yarsa ta fari, da hagu take komai, kuma ita kaɗai cikin 'ya'yansa ta ɗauko hannunsa. Ta ja layi a kan gilas, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya rabe kamar an yi masa magana. Tun da ta gama makaranta take zama a shago, Awo kuma ya riga ya gama shawara da zuciyarsa cewa ita za ta riƙe wurin bayansa. Sai ga shi ta fara bin Baffanta aiki ranar Asabar. Ta dawo bakinta cike: Baffa ya ce gishirin ruwa aunawa ake yi, Baffa ya ce murjanin da ke tsirowa a ƙasan teku rai gare shi, Baffa ya ce, Baffa ya ce. Kowane “Baffa ya ce” sai ya ƙona wa Awo rai.

Ana nan sai wata safiya motar mai zanen kifi ta tsaya a ƙofar shago.

“Yaya, na zo neman taimako,” in ji Mai Kifi. “Babban tankin otal ɗin nan na bakin shataletale, firam ɗin sama ya tsage. Gishirin ruwan da zafin fitila sun cinye robar da aka yi shi da ita. Ban yarda da hannun kowa ba sai naka.”

Awo ya ci gaba da goge gilashin da ke gabansa don kada a ga daɗin da ya ji. “Ashe kifi ma yana buƙatar mai awo,” ya ce.

Tankin ya ci rabin bangon zauren otal ɗin, tsawonsa ya fi mota. A ciki ga kifaye rawaya da shuɗi, ga murjani yana kaɗawa, ga wasu 'yan jatan lande ja da fari masu bin jikin kifi suna tsince masa datti. Awo bai ko dube su ba. Tsani ya hau ya duba baƙar robar da ta zagaye bakin tankin. Ta bushe, ta tsage a kusurwa, gishiri ya yi mata farin ɓawo. Ita da sandunan tsakiya ke riƙe bakin gilashin kada nauyin ruwa ya buɗa shi.

Aka rage ruwa ya koma ƙasa da rabi, aka kwashe kifaye zuwa manyan robobi da injin iska. Mai Kifi ya ajiye kwalin sabuwar baƙar roba da gam na musamman, ya ce zai yi tafiyar 'yan kwanaki ya karɓo kaya a tashar jirgin ruwa. Awo da Bahaguwa suka kankare tsohon gam da reza, suka sa sabbin sandunan tsakiya, suka matse. Saura abin da zai rufe baki ya zagaye, wanda ido ke gani.

Yana kan tsani yana jin baƙin otal suna wucewa. Kowa ya tsaya sai ya ce, “Ina kifayen? Ina Mai Kifi?” Mutum yana sama da reza a hannu, gumi na zuba, amma kifin da ba ya nan ake tambaya. Ya dubi baƙar robar nan da ke cikin kwali, wadda aka yi ta musamman don kada a lura da ita, sai ransa ya ɓaci. Washegari ya zo da dogayen sandunan tagulla da ya daɗe yana ɓoyo a bayan shago, ya goge su har suna ɗaukar ido.

“Baba, tagulla ce fa,” Bahaguwa ta ce. “Baffa ya ce ƙarfe ba ya shiri da ruwan gishiri, balle wannan.”

Da ta tsaya a “tagulla ce fa”, wataƙila da ya saurara. Sunan Baffa ne ya ɓata maganar.

“Baffanki yana rarrafe na fara yanka ƙarfe. Na shafa mata banish, ruwa ba zai taɓa ta ba. Miƙo mini zarto.”

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Kusurwoyi suka haɗu ba a ganin layi, fitila ta haske tagulla, tankin ya koma kamar hoto a gidan masu hali. Manajan otal ya fito ya riƙe hannun Awo da hannu biyu. Wata mata ta ɗauki hoton firam ɗin, firam ɗin kawai, ta nemi lambar wayarsa. Awo ya koma gida ya ci abinci har da ƙari.

Da Mai Kifi ya dawo ya ga abin, sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ja yayansa bayan tanki, wajen injin tace ruwa.

“Yaya, don Allah a cire. Feshin ruwa zai taɓa ta, ya ɗiga ciki, tsatsar tagulla kuwa dafi ce ga kifi.”

“Na ce na shafa banish.”

“Inda zarto ya ci fa? Da ramukan kusoshi?”

Awo ya dube shi sama da ƙasa. “Yau ɗaya an yabi nawa, shi ne hankalinka ya tashi? Hassada ba kyau, auta.”

Kowa da tabonsa. Na Mai Kifi shi ne bai taɓa iya musu da yayansa ba, ga manaja kuma yana ta kawo baƙi su ga sabon firam. Sai ya ƙara gawayin da ke tsotse dafi a injin tacewa, ya mai da kifaye, yana fatan a dace.

Ba a dace ba. Makonni kaɗan sai wani koren layi ya fito a kusurwa, daidai inda zarto ya ci, yana gangarowa cikin gilas. Jatan landen ne suka fara mutuwa. Murjani ya daina kaɗawa, ya tsuke, ya yi fari fat. Kifaye suka taru a sama suna haki. Bahaguwa ce ta kira ubanta a waya, ta ce ya zo.

Ya tarar da manaja yana faɗa, ƙanensa a jiƙe har kafaɗa yana tsamo abin da ya rage da rariya. Manaja ya juyo yana neman wanda zai ɗora wa laifi, Awo ya buɗe baki ke nan sai Mai Kifi ya riga shi.

“Ranka ya daɗe, laifina ne. Shi gilas ya sani, ni ne mai ruwa, kuma na gani na bari.”

Da zaginsa ya yi a gaban jama'a, da Awo ya samu abin riƙewa. Amma ya rufa masa asiri, kuma a gaban Bahaguwa. Awo ya ga irin kallon da ta yi wa Baffanta, ya ji kunya, ya kuma ji kishi ya fi kunyar yawa. Ko a alheri ma sai yaron nan ya fi shi.

Ya ɗauki sukundireba zai hau tsani, Bahaguwa ta miƙo hannun hagu. “Baba, kawo. Huta.”

Ita ta kwance tagullar, ta kankare, ta wanke bakin gilas. Aka zubar da ruwan duka, aka fidda duwatsu da yashi don sun sha dafin. Ta ɗauko baƙar robar da ke cikin kwali tun farko, ta auna sau biyu kamar yadda ya koya mata, ta yanka, ta shafa gam, ta matse, ta hana kowa taɓawa har warin gam ya fita. Ranar da aka cika tankin ta kira shi.

“Baba, duba mini kusurwar nan.”

Ya hau tsani, ya bi mahaɗar da farce. Ya sake bi. Ya koma ɗaya kusurwar, yana nema, Allah ya sani yana nema. Farce bai tsaya ba ko sau ɗaya. A ƙasa yara sun manne hanci a gilas suna nuna kifaye, ba wanda ya ɗaga kai.

“Ya yi,” ya ce.

“Baffa ya ce in fara zuwa kullum,” ta ce a hankali. “Tankuna sun yi masa yawa, ba shi da mai haɗa firam.”

Awo ya so ya hana. Da me zai hana? Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sauko.

Sandunan tagullar suna nan jingine a bayan shagonsa, sun yi kore, bai sayar ba, bai kuma jefar ba. Kullum da safe motar mai zanen kifi takan tsaya, Bahaguwa ta gaishe shi, ta shiga gaba, da tef ɗin awo a ƙugunta ta ɓangaren hagu. Wata safiya motar na tashi, sai sabon telan da ya kama shago kusa da nasa ya leƙo da allura a baki.

“Maƙwabci, yarinyar nan akwai hankali. 'Yar Mai Kifi ce, ko?”

Awo ya daɗe yana kallon ƙurar motar. “'Yar wansa ce,” ya ce.

“Allah sarki. Waye wan nasa?”