Sallamar Kwaɗo a Lambun Iya

A gidanmu na Madabo, bayan ɗakin kakata Iya, akwai wani ɗan lambu da tsintsiya ba ta shiga. Zogale ne da lalle da yakuwa, sai busassun ganyaye da take bari su ruɓe a gindinsu, da wani fasasshen kasko da take cika wa tsuntsaye da ruwa. Maganin ƙwari kuwa ba ruwanta da shi. Toka take barbaɗawa, sauran aikin ta bar wa kwaɗi da bushiya. Ni kam na tsani wurin, don kwaɗo ya taɓa kwana a cikin takalmina.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Baba ya tsunduma siyasa, baƙi suka yi masa yawa. Ya ce zai sare lambun ya gina ɗakin baƙi mai ƙofa ta waje, har an jibge buhunan siminti a zaure. Na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya ɗaure Iya shi ne Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu.

Rannan bayan magariba muna zagaye da murhu, ragowar garwashin tuwo bai mutu ba, Baba yana can gefe kan tabarma da rediyonsa. Iya ta ce ga wata tatsuniya ta kawo mana, muka ce ta zo mu sha. Sai na lura ta ɗaga murya, ita da sai mun matsa jikinta muke jin ta.

Wai wata mata ce mai tsaftar tsiya. Ta tuge kowane tsiro a gidanta, ta toshe kowane rami, ta daɓe ƙasa sumul. Da magariba sai ta ji sallama ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Ta leƙa, kwaɗo ne. Nan Iya ta shaƙe murya:

"Uwar gida, tafiya ta kama mu. Abin da muka yi miki, ki yafe."

Matar ta ce a sauka lafiya, ta ja ƙofarta. Washegari bushiya ta zo da 'ya'yanta a bayanta, ita ma ta nemi gafara. Sai gyare, sai tsuntsaye. Gida ya yi tsit, har tana jin numfashinta. A magariba ta bakwai aka sake yin sallama, amma daga cikin rijiya.

"Ni ba tafiya zan yi ba," in ji Iya a hankali, da muryar abin da ke cikin rijiyar. "Shekara da shekaru surutunsu ke hana ni jin inda kike. Yanzu ina jin ki."

Muka tambaye ta mene ne a rijiyar, ta ce ina za ta sani, matar ba ta samu ta ba kowa labari ba. Sai a lokacin na ankara cewa rediyon Baba ya yi shiru. Iya ta zuba wa garwashi ido, ba ta motsa ba. Can sai Baba ya murɗa rediyon, muryar mai labarai ta dawo.

Bayan kwana uku magina suka zo. Iya ba ta fito daga ɗaki ba. Abu ɗaya ta aika a gaya musu ta bakin mahaifiyata: su bari bushiya ta kwashe 'ya'yanta kafin su sa diga.

Da aka gama ginin na je na kwanta a cinyarta ina roƙon tatsuniya.

"Ƙawata, kasa kunne. Me kike ji?"

Na ce ba komai.

"To, ni ma haka."

Ba ta sake yi mana tatsuniya ba har ta rasu.

Na yi shekaru ina tsoron leƙa rijiya. Sai da na girma na gane ba mu Iya take ba wa labari a daren nan ba, ɗanta take roƙo ta hanyar da kunya ta bar mata. Abin ya tsaya mini a rai, har wata rana, bayan Baba ya tsufa siyasa ta yar da shi, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya gane.

"Na gane sarai," ya ce. "Na ɗauka za ta sake faɗa."