Littafin da ya mai da kansa

Ni na raka Baba likita ranar da dokotoron ido ya ce ganinsa yana tafiya. Ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa. Baba a lekwal ya tsufa yana koyarwa, har yau a unguwarmu ta Birni “mushe” ake ce masa, wato malamin makaranta. Abu ɗaya ya tambaya, yaushe zai daina ganin rubutu. Dokotoro ya shiga gyara takardun gabansa. Tun ranar tsoro ya zauna mini, ko kirana Baba ya yi daga zaure sai gabana ya faɗi.

Yayata da ke Yamai ce ta kawo shawarar na'urar karanta littattafai, wadda ake ƙara wa harufa girma. Ta turo hotunan kala uku, muka yi ta musu a waya, don ni ban iya yarda da abu daga ji. Na ƙi mai ƙyalli saboda idon, na ƙi wadda ake shafawa da yatsa don hannun Baba yana rawa. Na zaɓi mai maɓalli a gefe, wadda cajinta ke kwana da yawa, tunda wutar Damagaram ba ta sallama in za ta tafi. Da ta iso, Baba ya juya ta, ya ce ai wannan allo ne. Sunan ya bi ta.

Yayar tawa ta buɗe masa rajista a wani ɗakin karatu na intanet, na aro masa littafin tarihi na Faransanci, aron sati uku. Kullum bayan la'asar yana zaure da allonsa, ina jin ƙas, ƙas na maɓalli daga tsakar gida. Wannan ƙarar ce ke kwantar mini da hankali.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, in wa'adi ya cika littafin da kansa yake komawa. Na manta ne kawai. Shi kuwa mutum ne da in ya ari littafi sai ya yi masa riga da takardar siminti, ya kai wa mai shi da ƙafarsa, ya yi godiya, ko aike ba ya yi. A saninsa littafin aro ba ya barin hannunka sai ka miƙa shi.

Wata Laraba ƙarar ta ɗauke. Na leƙa, yana zaune yadda ya saba, allon a gaban fuskarsa, yatsan bai motsi. Alhamis ma haka. Ya rage cin tuwo, ya fara bin bango da hannu in zai je alwala, shi da jiya-jiya yake tafiya garau. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na kasa tambaya, don ina ganin in na tambaya abin zai tabbata. Haushin kaina ya sa na yi ta faɗa da kowa a gidan kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ran Juma'a da ya dawo masallaci ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa faɗarsa ba.

“Uwata, zauna. Abin da dokotoro ya ƙi faɗi ya zo. Kwana uku ina buɗe allon nan, fari fat nake gani. Kar ki gaya wa ƴaruwarki tukuna.”

Na karɓa. Shafin fari ne kuwa, sai wani ɗan rubutu ƙanana a tsakiya, wai aro ya ƙare, littafi ya koma. Na yi dariya, na yi kuka, na ce, “Baba, ba idonka ba ne. Ni ma fari nake gani. Littafin ne ya koma wurin masu shi.”

Ya tambaya wa ya kai. Na ce ba kowa. Ya ce wannan rashin ladabi ne, ko godiya ba a yi ba.

Nan take na sake aro shi. Da shafin ya buɗe sai na ga kalma huɗu kacal a kai, manya kamar rubutun alli a allon lekwal. Ni da na ba shi, layi goma sha biyu ne a shafi. Ashe cikin sati ukun nan shi kaɗai yake ta ƙara girman, bai gaya wa kowa ba.

Ya karɓa, ya kai kusa da hanci, ya karanta layin farko da ƙarfi. Sai ya miƙo mini.

“Ƙara mini kaɗan, uwata.”

Na danna wurin ƙarawa. Na sake dannawa. Girman harufan ya riga ya kai ƙarshe.